Salgar Gidan Baffa

Bana tun da ruwa ya zauna na lura ƙasar bayan gidanmu na Kazaure ta fara lotsawa, daidai kan sokawe, wato ramin masai. Ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore, in kuma rana ta fito bayan an ɗauke ruwa sai wani wari mai nauyi ya taso ya tsaya wa mutum a maƙogwaro. Na gaya wa Ɗanlami, babban ɗana da nake zaune a gidansa tun rasuwar ubansu. Ya leƙa daga nesa, hannu a aljihu, ya ce, "Hajiya, a bari kaka ta yi. Aikin siminti da damina ba ya kyau."

Ban yi masa musu ba. Kujerata na jawo na dasa a bakin lungun da ke kaiwa wurin, carbi a cinya, tsumagiya a gefe. Duk jikan da ya doso da ƙwallo sai ya sha tsawa, mai taurin kai kuma ya sha tsumagiya. Suka raɗa mini suna Mai Gadin Masai, uwarsu na ta dariya a kicin tana tsammanin ba na ji. Da Ɗanlami ya ga har baƙinsa a nan suke tarar da ni, kunya ta sa ya kira magini. Ranar da aka fasa murfin kankaren, sai ga rodin ciki ya koma kamar tsinken tsintsiya, tsatsa ta gama da shi, ana taɓawa yana marmashewa. Ɗanlami ya kalli rodin, ya juya ya kalli 'ya'yansa.

Yanzu motar zuƙe masai ta zo ta kwashe, an cike tsohon ramin, an haƙa sabo an ɗaure shi da bulo, an raba cikinsa biyu, an sa masa bututun shan iska. Ni kuma na kafa dokokina: ba leda, ba famfas, ruwan wanki ya bi hanyarsa daban, kuma kada wanda ya kuskura ya ajiye mota a kai. Suna cewa rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne, tsoro ne, kuma da ƙuruciyata na kwaso shi, a wani ƙauye kusa da Roni, a daminar da ta biyo bayan shekarar fari.

Daga Babura aka kawo ni gidan mijina a ƙauyen. A daminar da nake faɗa, Ɗanlami bai daɗe da fara tafiya ba. Mu ne dai: Baffa, surukina, mai gidan, Goggo, matarsa, mijina, sai wasu marayu biyu, jikokin Baffa, da ake riƙo. Tun da na zo gidan ban taɓa haɗa ido da Baffa ba. In zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, kai a ƙasa, in ya amsa in tashi in ba shi wuri. Ban taɓa cin abinci a inda zai gan ni ba. Haka aka raine mu, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai a wannan daminar.

A shekarar farin ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Rumbu kuwa a gidan nan Baffa kaɗai ke hawansa. Shi zai jingina tsani, ya ɗaga murfi, ya zaro dami ya miƙa wa Goggo, ya mayar ya rufe. Ba mai leƙawa, ba mai tambayar abin da ya rage, ko ɗansa na cikinsa. Mu dai mun ga damin yana ramewa, kuma tsakanin wannan hawa da wancan yana ƙara nisa. Tuwo ya koma sau ɗaya, da almuru. Da safe kunu ne tsararo, irin wanda kana sha kana jin yunwa. Da rana in goya Ɗanlami mu bi bakin gonaki da marayun nan muna tsinkar tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a kwaɗanta da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, in babu a barbaɗa gishiri a ci haka. Mijina yakan ɗaure cikinsa da tsumma kafin ya ɗauki fartanya, wai don kada hanjinsa ya dame shi da surutu.

Sai kuma Allah ya saki ruwa kamar ana biyan na bara. Marka ta zauna, sama ta rufe ruf, yayyafi ba ya tsayawa sai dai ya huta ya dawo. Tufafi ba sa bushewa, tabarmi sun yi funfuna, itace ya jiƙe, in ka hura wuta hayaƙi kawai kake sha har idonka ya yi ja. Katangun ƙasa suka sha ruwa suka ƙoshi, yau ka ji ta gidan wane ta zube, gobe ta gidan wance. A gona kuwa gero ya yi tsayi ya yi kore shar, abin sha'awa, amma ba a cin kore. Kana kallon abinci yana tahowa, cikinka yana kiran ciroma.

Salgar gidan tana can ƙuryar yamma, an kewaye ta da zana. Baffa ne ya haƙa ta da hannunsa tun mijina yana yaro. Yadda ake yi a lokacin, in an gama haƙa rami sai a jera itatuwa a kai, a shimfiɗa kara, a zuba ƙasa a daɓe, a dasa wuyan fasasshen tulu a tsakiya ya zama baki, a rufe shi da sakaina. Goggo ba ta wasa da ita, kullum ta kwashe tokar murhu can take juye ta don wari da ƙuda. Abin da ba ta iya yi masa komai ba shi ne indararon ɗakin Baffa, wanda duk ruwan da ya kwaso a gindin zanar yake zubar da shi, da kuma gara, wadda ke aikinta daga ƙasa inda ido ba ya kai.

Wata safiya na shiga, ina taka daɓen sai na ji ya ɗan bi ƙafata, kamar tabarmar da aka shimfiɗa a kan ciyawa. Na tsaya cak. Na duba, sai ga wata siririyar tsaga ta taso daga wuyan tulun ta nufi zana. Ina tsaye na ji wani ɓarɓashin ƙasa ya saki daga ƙarƙashina, ya yi tafiya, sannan ya faɗa ruwa can ƙasa, tsulum. Nisan da ya yi kafin ya faɗa shi ya tsinka mini zuciya. Da baya da baya na fito.

Na sami Goggo tana tankaɗe, na raɗa mata. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na gani tun shekaranjiya. Ki hana yara zuwa."

"To Baffa fa, Goggo?"

"Ke 'yar nan, wa zai tari Malam da zancen bayi? Ni da na tsufa da shi ban taɓa ba. Ki gaya wa mijinki."

Na gaya wa mijina. Ya murza tafin hannunsa da ya yi kanta, ya ce, "Ni in tsaya gaban Baffa in ce masa me? In ce ramin da ya haƙa ya lalace, ko in ce na san inda yake zuwa da safe?" Ya ce zai gaya wa ƙanen Baffa ranar kasuwa. Ƙanen Baffa ya ce gaskiya ne, abin dubawa ne, a bari a gama maimai, noma na biyu. Haka maganar ta zaga unguwa ta shiga kowane gida, ta tsallake mutum ɗaya da ya kamata ta sama.

Mu mata muka koma bi ta wata kafa a danga muna shiga gidan Tabawa, maƙwabciyarmu. Yara a kai su bayan gari, mijina kuma can a gona yake biyan buƙatarsa. Aka bar Baffa shi kaɗai. Dattijon da ake zuwa ɗaurin aure a ƙofarsa ba zai ɗauki buta ya shiga gidan maƙwabci ba, ba kuwa zai tsuguna a jeji inda 'ya'yan mutane ke wucewa ba.

Ban taɓa sanin tsoro yana da lokacinsa kamar sallah ba sai a kwanakin nan. Da hantsi, bayan mazan unguwa sun fita gona, sai in ji Baffa ya ɗaga asabarin ɗakinsa, in ji ƙarar buta, in ji takunsa cikin taɓo, caɓal, caɓal, ya nufi yamma. Ko me nake yi sai hannuna ya tsaya. In daka nake, taɓaryar ta tsaya a sama. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo mini, har da ta cin abinci. Sai na ji ya yi gyaran murya ya fito sannan jinina ya ci gaba da gudu. Na rame a kwanakin nan fiye da yadda yunwa ta ramar da ni. Ko barci na yi, mafarkin ƙasa nake tana buɗe baki.

Sau ɗaya na yi ta maza. Yana fitowa da butarsa na finciko Ɗanlami, yaron da ko kusa da wurin bai je ba, na ɗaga murya na ce, "Kai, ban hana ka zuwa can ba? Ba ka ga ƙasar ta tsage tana motsi ba? So kake ta rufta da kai?" Yaro ya fashe da kuka, bai san hawa ba bai san sauka ba. Baffa ya ɗan dakata, ya yi tari, ya wuce abinsa ya shiga. Haushi ya kama ni har na ji ina tsanar tsohon nan. Na ce a raina wannan wane irin taurin kai ne, ko kuwa kunnen ne ya tafi?

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, da safe ya koma yayyafi. Mijina ya tafi gona, Goggo ta shiga gidan Tabawa neman garwashi don namu ya mutu. Ina durƙushe ina wanke ƙwarya na ji asabari, na ji buta, na ji caɓal, caɓal. Sai shiru. Sai wata ƙara mara ƙarfi, rugum, kamar an sauke buhu daga kan jaki.

Ba ihu, ba kira. Da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi. Na ruga na tsaya a bakin zanar, ƙafata ta ƙi shiga. Ko a wannan halin sai da na tsaya ina tunanin yadda za a ce na shiga bayi a kan surukina. Daga ciki na jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa yana salati, numfashinsa na sarƙewa. Na runtse ido na afka.

Rabin daɓen babu shi. Inda wuyan tulun yake ya zama wani baƙin rami mai faɗi, warin da ke fitowa yana yanka ido. Itace ɗaya ne ya rage a gicciye, Baffa ya rungume shi da hannu biyu, ƙirjinsa a kai, sauran jikinsa yana reto a cikin duhu. Hularsa ta tafi. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba, ashe fari ne fat. Itacen da ya riƙe kuwa duk cin gara ne, ina ji yana ƙara a hankali, ƙasar gefe tana ta zubewa.

Ya ɗago muka haɗa ido, karo na farko. Ya ce, "Fita, 'yar nan. Kada ki matso, zai tafi da ke."

Na ce, "Baffa, riƙe! Don Allah riƙe!"

"Kada ki yi ihu. Ki rufa mini asiri, kada ki tara mini mutane."

Na fita da gudu, kuma ihun da na kurma a tsakar gidan nan ban san ina da irinsa a cikina ba. Ina ihu ina jan tsanin rumbu, wani gungumen itace mai nauyi da a ranar lafiya ko ɗaga shi ba na iyawa. Na jawo shi cikin taɓo, na ture zanar da shi, na kwanta rub da ciki na tura shi ya haye ramin ta kusa da kafaɗarsa. Ƙasa tana saki a ƙarƙashin ƙirjina, ina jin sanyinta tana guduwa. Ya saki hannu ɗaya ya kama tsanin. Yana kamawa da na biyun tsohon itacen ya karye ya tafi ƙasa.

Goggo da Tabawa suka shigo, mata na biye da su. Tabawa mace ce mai zafin nama, ba ta tsaya salati ba, igiyar guga ta warto ta yi mata zarge ta jefa masa. "Malam, sa hannu a ciki! Yau ba ranar kunya ba ce, sa hannu!" Ya sa ta a hammata. Muka ja, mata zalla, masu yunwa, ƙafafunmu na zamewa, wata na faɗuwa wata na tashi, Goggo tana ja tana kuka tana kiran sunansa na yanka wanda ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Da ƙyar muka fito da shi kan ƙasa mai ƙarfi. Kafin maza su iso daga gona Goggo ta lulluɓe shi da zanenta, matan kuma kowace ta juya baya ta kama hanyar gidanta, ba wadda ta ce ta ga komai.

An wanke shi da ruwan zafi da toka da sabulun salo. Ƙaurinsa ya yage, zazzaɓi ya rufe shi, ya shiga ɗaki ya saki asabari. Ko masu dubiya daga waje suke gaishe shi. Ni kuwa da komai ya lafa sai na zauna a gindin turmi, na kasa ko ɗaukar ɗana.

Gida ba ya zama ba salga, don haka washegari aka kira gayya. Gayya kuwa ba a yinta da baki, duk wanda ya bar gonarsa ya zo maka aiki sai ka cika masa ciki. Baffa ba ya iya tashi, dole mijina ya wanke tsanin ya hau rumbu da kansa. Ina kallonsa ya ɗaga murfi ya zura kai, ya daɗe a haka. Da ya sauko da dammunan fuskarsa ta canza, na tambaye shi lafiya, ya ce in je in kama sussuka.

Mun yi daka har hannuna ya fashe. Maza suka fara da cike tsohon ramin, ƙasa da toka da duwatsu, suka tara ƙaya a kai saboda yara da awaki. Sabon kuwa aka kai shi kan ɗan tudu, nesa da rijiya, nesa da indararo, aka daidaita shi yadda mai tsuguno ba zai fuskanci alƙibla ba, ba zai kuma ba ta baya ba. Haƙa da marka azaba ce. Ana haƙawa gefe na zubowa, ruwa na tsattsafowa daga ƙasa, mai diga yana ciki da igiya a ƙugu, na sama suna riƙe suna jawo ƙasa da kwando. Duk sanda gefe ya zube sai in bar murhu in zo in tsaya sai na ga kan mutum ya motsa. Aka ɗebo duwatsu daga gindin dutse a kan jakuna aka ɗaure bakin ramin. Wani Bafulatani abokin Baffa ya kawo itacen ƙirya, wanda gara ba ta iya masa, aka jera, aka daɓe da makubar ɗorawa, aka yi masa 'yar rumfa don ruwa. Masu gayya suka ci tuwo suka sha fura, suka yi addu'a suka watse. Rabon gidan da ƙamshin tuwo da rana har na manta, marayun nan suna ta murna suna suɗe tukunya.

Da la'asar ɗin ranar da aka gama na kai wa Baffa kunu. Na durƙusa a bakin ƙofa na tura ƙwaryar ta ƙarƙashin asabari, zan tashi sai na ji ya ce, "Dakata, 'yar nan."

Na koma na durƙusa.

"An gama?"

"An gama, Baffa."

"Sun ƙoshi?"

"Sun ƙoshi, har sun yi santi."

Ina jin numfashinsa ta bayan asabarin. Can ya ce, "Ranar da kika yi wa yaron nan tsawa a banza, na ji ki. Kafin ke ma na sani. Ni na jera itatuwan nan, tun farkon damina nake jin su a tafin ƙafata. Da na ga kun daina shiga, na gode wa Allah."

Ban san sanda na buɗe baki ba. Na ce, "To Baffa, don me?"

"In na ce a haƙa, sai an kira gayya. In an kira gayya, sai an buɗe rumbu. Abin da ke ciki na auna shi, in aka bi a hankali zai kai yaran nan har gero ya nuna. Na ce ni ba ni da nauyi, wataƙila ta ɗauke ni zuwa kaka." Ya yi tari. "Kullum da kalmar shahada nake shiga."

Hawaye suka zubo mini. Duk safiyar da nake tsaye da taɓarya a sama ina jin haushinsa, ashe shi ma a tsorace yake, ya fi ni sanin abin da ke ƙarƙashinsa, yana takawa don mu ci tuwon dare.

Sai na ga ƙwaryar kunun ta dawo ta ƙarƙashin asabari, ko kurɓa bai yi ba.

"Kai wa yara," ya ce. "Gobe babu."